Muhawara: me hatimin gwamnati yake lamunta a jikin sulen zinariya?

Malam Isiyaku:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na jima ina bibiyar sulallan zinariyar da gwamnatoci suke bugawa domin masu ajiya, irin su Krugerrand na Afirka ta Kudu da Gold Eagle na Amurka da Maple Leaf na Kanada, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai wanda nake so masana a cikinmu su warware. A jikin sulen Amurka mai oza ɗaya an rubuta dala 50, alhali zinariyar da ke cikinsa ta ninka wannan adadi sau da yawa, kuma babu dillalin da zai ba ka shi a kan farashin zinariyar kaɗai, sai ya ɗora wani abu a kai. Idan dala 50 ɗin ba ita ce darajarsa ba, kuma gwamnatin da ta buga shi ba ta yi alkawarin saye daga hannuna a kan wani tsayayyen farashi ba, to me nake biya da wannan ƙari? Na kuma lura cewa wasu karat 22 ne, wato an gauraya su da wani ƙarfe, wasu karat 24, wato zinariya zalla, amma ana sayar da su kusan kuɗi ɗaya, wanda a ganina tamkar an cuci wanda ya sayi mai gauraye ne.

Alhaji Bello:
Wa alaikumus salam, Malam Isiyaku. Bari in fara da batun karat, domin shi ne wanda sana'ata ta ƙira ta ba ni damar yin magana a kansa ba tare da shakka ba. Ba a cuci kowa ba. Ozar da ake auna zinariya da ita, wadda ake kira toroyi, giram 31.1 ce, ta ɗara ozar da ake auna sauran kaya nauyi. Maple Leaf zinariya ce zalla, saboda haka idan ka ɗora shi a sikeli giram 31.1 za ka gani. Krugerrand kuwa giram 33.93 ne. Kashi 11 cikin 12 na nauyinsa zinariya ce, sauran kashi ɗayan jan ƙarfe ne, kuma idan ka yi lissafi za ka tarar zinariyar da ke ciki giram 31.1 ce cif. Wato ba a rage zinariya an cike gurbinta da jan ƙarfe ba, an ɗauki cikakkiyar oza ne aka ƙara mata jan ƙarfe a kai. Haka Gold Eagle yake, sai dai shi an haɗa masa da azurfa kashi 3 cikin 100, shi ya sa launinsa bai kai na Krugerrand ja ba.

Dalilin gaurayawar shi ne zinariya zalla tana da taushi ƙwarai. Duk wanda ya taɓa riƙe karat 24 ya san ƙaramin abu yake yi mata tabo, kuma idan sulalla biyu suka gogi juna a aljihu sai ka ga zane a fuskarsu. Waɗanda suka fito da Krugerrand a shekarar 1967 sun so abin da zai jure yawo daga hannu zuwa hannu, sai suka bi ma'aunin da Ingila ta daɗe tana buga sulenta na Sovereign da shi. Kanada da ta shigo a 1979 sai ta zaɓi ta yi gasa ta fuskar tsabta, ta fara da 999 cikin 1000, daga baya a 1982 ta kai 9999 cikin 10000. Kowane yana da masoyansa, amma zinariyar da ke ciki ɗaya ce.

Hajiya Rabi:
Alhaji ya gama da batun karat. Game da dala 50 kuwa, Malam Isiyaku, adadin ba farashi ba ne, alama ce ta cewa doka ta amince da wannan abu a matsayin halastaccen kuɗin ƙasa. Abin da zai nuna maka cewa ba a ɗauki lambar da muhimmanci ba shi ne yadda Amurka ta rubuta a ƙananan sulallanta: rabin oza dala 25, zakkar oza, wato kashi ɗaya cikin goma, dala 5, amma rubu'in oza dala 10, alhali da lissafi ake bi da 12 da rabi ya kamata a rubuta. Afirka ta Kudu ma ba ta wahalar da kanta ba, babu wani adadin kuɗi a jikin Krugerrand na zinariya, nauyin zinariyar kawai aka rubuta, a gefe ɗaya hoton Paul Kruger, tsohon shugaban Transvaal da ke cikin Afirka ta Kudu ta yau, a ɗaya gefen barewar nan ta ƙasarsu. Duk da haka halastaccen kuɗi ne a dokarsu, darajarsa tana bin farashin zinariya na ranar.

An sa adadin ƙasa sosai ne da gangan. Da an rubuta abin da ya haura darajar zinariyar, da gwamnati ta ɗaure kanta da biyan bambancin duk ranar da farashi ya faɗi. Amfanin wannan matsayi na halastaccen kuɗi yana wani wuri dabam. Wanda ya ƙera na jabu, laifin buga kuɗin jabu ya aikata, wanda ya fi zamba a ciniki nauyi a gaban shari'a. Sannan a wasu ƙasashe yana taɓa haraji: mazaunin Birtaniya da ya sayar da Britannia ko Sovereign ya ci riba ba ya biyan harajin ribar kadara, saboda kuɗin ƙasarsa ne, amma idan sandar zinariya ce ko sulen wata ƙasa, harajin yana iya hawa kansa.

Malam Nasiru:
Da izinin manya, ni ban gamsu ba. Duk abin da Hajiya ta faɗa gaskiya ne, amma bai amsa tambayar Malam Isiyaku ta asali ba, wato ko ƙarin da ake biya ya cancanta. Ni a ganina mai son ajiye zinariya ya sayi sanda daga matatar da kasuwa ta yarda da ita, domin ƙarin da ake ɗora wa sanda ya fi na sule sauƙi, kuma gwargwadon girman sandar gwargwadon raguwar ƙarin. Zinariya ba ta san hoton da aka buga a kanta ba. Idan aka narka Maple Leaf da sandar giram 31.1 babu maƙerin da zai bambance su. Sauƙin harajin da aka ambata na mazauna ƙasa guda ne, ba ya amfanar wanda yake wani wuri.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kalmar gwamnati take sa mutane su saki jiki, su ɗauka akwai wata kariya. Tarihi bai nuna haka ba. A watan Afrilun 1933 Shugaba Roosevelt na Amurka ya ba da umarnin da ya tilasta wa jama'a miƙa sulallan zinariyarsu, waɗanda gwamnatin ce da kanta ta buga, aka biya su dala 20.67 a kan kowace oza, in ban da ɗan abin da aka bar wa kowa da kuma sulallan tarihi na masu tarawa. Shekara na zagayowa aka mayar da farashin dala 35. Ba a sake ba Ba'amurke cikakken 'yancin mallakar zinariyar ajiya ba sai ƙarshen 1974. Hatimin bai hana komai ba a wancan lokaci, hannun da ya buga shi ne ya miƙo ya karɓe.

Hajiya Rabi:
Malam Nasiru, umarnin 1933 bai bar sanda ba, ita ma an ce a miƙa ta. Saboda haka misalin yana nuna hatsarin da ke kan zinariya gaba ɗaya idan gwamnati ta sauya ra'ayi, bai nuna fifikon sanda a kan sule ba.

Malam Nasiru:
Na karɓi gyaran, Hajiya. Amma ga wanda ya shafi sule kai tsaye. Zuwa 1980 Krugerrand ne ya mamaye kusan kashi 90 cikin 100 na kasuwar sulallan zinariya ta duniya. Da matsin lamba a kan mulkin wariyar launin fata ya tsananta, Amurka ta haramta shigo da shi a 1985, wasu ƙasashen Yamma ma suka ɗauki irin wannan mataki. Zinariyar da ke cikinsa ba ta sauya ba, amma sunan ƙasar da ke jikinsa ya zame masa kaya. Wannan hatsari ne da sanda marar tutar kowa ba ta ɗauke da shi. Kuma ba banza ba ne a daidai wannan tsakani Amurka ta yi dokar buga nata a 1985 ta fito da Gold Eagle a 1986, Ostareliya ta fito da nata a shekarar, Birtaniya ta biyo da Britannia a 1987, Ostiriya ta kawo Philharmonic a 1989. Gurbin kasuwa suka gani suka cike, kamar yadda kowane ɗan kasuwa zai yi. Ina so mu riƙa kallon gidajen buga kuɗin nan a matsayin masu sayar da haja, domin a wannan fanni abin da suke ke nan.

Alhaji Bello:
Malam Nasiru ya yi magana irin ta masu karatu, ni kuwa zan yi irin ta wanda ake kawo wa kaya ya duba. Gaskiya ne zinariya ba ta san hoton da ke kanta ba, amma mai saye ya sani, kuma shi za ka fuskanta ranar da buƙata ta taso. Idan mutum ya kawo mini sanda, ko da da takardarta, ina da tambayoyi: wace matata ce, an taɓa buɗe ledar, lambar da ke jiki ta yi daidai da ta takarda? Idan zuciyata ba ta kwanta ba sai an kai ga na'ura, wani lokaci sai an huda ko an narka, kuma mai kaya ne yake ɗaukar asarar. Sule kuwa an san nauyinsa, an san faɗinsa, an san kaurinsa, kuma ba kasafai suke sauyawa daga shekara zuwa shekara ba. Krugerrand mai oza ɗaya faɗinsa ya ɗan haura milimita 32 da rabi, kaurinsa bai kai milimita 3 ba. Da sikeli mai kyau da ma'aunin kauri na gama rabin aikina cikin minti biyu.

Dalilin da ya sa wannan gwaji yake aiki shi ne nauyin zinariya. Curin zinariya ya fi curin dalma mai girmansa nauyi nesa ba kusa ba, kusan giram 19.3 a inda dalma take da 11.3, jan ƙarfe kuma bai kai 9 ba. Mai jabu idan ya daidaita nauyi sai sulen ya yi kauri ko faɗi, idan ya daidaita girma sai ya yi sakayau a hannu. Ƙarfe ɗaya ne mai araha yake ba mu wahala, shi ne tangistin, domin nauyinsa kusan ɗaya ne da na zinariya. Amma kama da wane ba ta wane. Tangistin yana da tauri da gautsi, buga zane mai kyau a kansa aiki ne ja, kuma ƙararsa dabam ce. Ka ɗora sule na gaske mai karat 22 a kan yatsa ka ɗan ƙwanƙwasa gefensa, za ka ji amo mai tsawo kamar na ƙararrawa. Ɓoye tangistin a cikin sanda mai kauri ya fi sauƙi a kan ɓoye shi a cikin sule siriri, shi ya sa babbar sanda ta fi ba ni tsoro.

Ban ce babu sulallan jabu ba, akwai su, wasu ma an yi su da gwaninta. Shi ya sa Kanada ta ƙara wata 'yar alama da aka zana da hasken leza a jikin Maple Leaf tun 2013, wadda sai da madubin ƙara girma ake karanta ta, Birtaniya kuma daga 2021 ta sa wa Britannia hoton da yake sauyawa daga kwaɗon kulle ƙofa zuwa mashi mai baki uku idan ka karkata shi. Wannan ɗawainiya tana cikin abin da kake biya.

Malama Zainab:
Ina neman ƙarin haske, Alhaji. Idan ƙarin da na biya wajen saye ba ya dawowa wajen sayarwa, ai sauƙin tantancewar dillali ya amfana, ba ni ba.

Alhaji Bello:
Tambaya mai kyau, Malama. Wani ɓangare yana dawowa, wani ba ya dawowa. Dillali yana sayen sanannen sule kusa da farashin zinariya na ranar, wani lokaci ma da ɗan ɗori idan ana nemansa, saboda ya san zai sayar da shi gobe ba tare da ya narka ba. Abin da bai sani ba kuwa farashin narkawa yake ba shi, ya cire ladan wahalarsa. Saboda haka kada ki tsaya a kan nawa aka ɗora miki, ki tambayi mai sayarwa nawa zai saya idan kika dawo masa da shi a yau ɗin nan. Tazarar da ke tsakanin farashin biyu ita ce ainihin abin da kika kashe. Ki kuma sani cewa ƙananan sulalla sun fi tsada idan aka auna da zinariyar da ke cikinsu, domin wahalar buga mai kashi ɗaya cikin goma na oza kusan ɗaya ce da ta buga mai oza guda. Wanda ya sayi ƙanana goma ya biya fiye da wanda ya sayi babba ɗaya, sai dai shi yana iya sayar da kaɗan ya bar saura.

Dokta Aminu:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina ganin Malam Nasiru da Alhaji Bello ba su saɓa kamar yadda suke zato ba. Hatimin hukuma a kan zinariya tun asali shaida ce a kan abu biyu, nauyi da tsabta. Lokacin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinarinsa mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan hijira, mai nauyin kusan giram 4.25, abin da ya ba 'yan kasuwa shi ne damar ƙirgawa maimakon aunawa da gwadawa a kowane ciniki. Sulallan yau ma aikin da suke yi ke nan. Bambancin shi ne a da sulen shi ne kuɗin da ake ciniki da shi, yau kuwa, musamman tun da Shugaba Nixon ya yanke alaƙar dala da zinariya a 1971, haja ce da farashinta yake hawa da sauka a kan kuɗin takarda.

A nan ne nake goyon bayan gargaɗin Malam Nasiru. Babu gwamnatin da ta lamunce maka farashi. A watan Janairun 1980 oza ta kai dala 850, zuwa 1999 ta sauko kusa da dala 250, kuma sai a 2008 ta sake taka matsayin 1980, ba a ma yi maganar abin da hauhawar farashi ta ci a tsakani ba. A 2011 ta kai wajen dala 1,900, zuwa ƙarshen 2015 ta koma kusa da 1,050. Wanda ya sayi Krugerrand a farkon 1980 yana riƙe da cikakkiyar ozarsa, hatimin bai yi masa ƙarya ba ko kaɗan, amma ya yi shekara 28 yana jiran kuɗinsa su dawo. Sule ba ya haihuwa, ba ya ba da riba a ƙarshen shekara, ajiye shi ma yana cin kuɗi, ko na akwatin banki ko na inshora.

Malam Isiyaku:
Na gode ƙwarai, Dokta. To me za a ce game da ƙasashen da babban bankinsu ne yake fito da sulen domin jama'arsa su tsare dukiyarsu? Na ji Zimbabuwe ta yi haka, kuma a can kamar gwamnati ta yi alkawarin da ya wuce nauyi da tsabta.

Dokta Aminu:
Haka ne, Malam. A watan Yulin 2022, lokacin da hauhawar farashi a Zimbabuwe ta haura kashi 190 cikin 100, babban bankin ƙasar ya fito da sulen Mosi-oa-Tunya, sunan da mutanen yankin suke kiran magangarar ruwan Biktoriya da shi. Oza ɗaya ce ta karat 22, kowane da lambarsa da takardar shaidar mallaka, kuma bankin ya ce zai saya daga mai shi bayan ya riƙe na kwana 180. Manufar ita ce a janye kuɗin ƙasar da suka yi yawa a hannun mutane, a rage rububin sayen dalar Amurka a kasuwar bayan fage. Babban bankin Gana ma ya ƙaddamar da nasa a 2024, mai oza ɗaya da rabi da rubu'i, ana sayarwa ta hannun bankunan kasuwanci.

Amma ka duba alkawarin da kyau. Saye aka ce za a yi a kan farashin zinariya na lokacin, ba a kan abin da ka biya ba, saboda haka hatsarin faɗuwar farashi yana nan a wuyanka. An kuma ƙara maka wani sabo, wato wane kuɗi za a biya ka da shi, kuma a kan wane canji. Sukar da aka yi wa shirin Zimbabuwe tun farko ita ce oza guda ta fi ƙarfin talaka nesa, kamfanoni da masu hali ne suka iya saye, har sai da aka fito da ƙanana bayan 'yan watanni.

Malam Nasiru:
Wannan ya ƙarfafa maganata. Sulen da mai sayensa na ƙarshe shi ne bankin da ya buga shi ya dogara da amanar wannan banki, kuma mutane sun gudu zuwa zinariya ne tun farko saboda amanar kuɗinsa ta yi rauni. Duk da haka na yarda da Alhaji a kan abu ɗaya: ga mai sayen oza ɗaya ko biyu, wanda ba shi da na'urar gwaji kuma zai sayar wa wanda bai san shi ba, sanannen sule ya fi sanda sauƙin fita. Inda nake nan daram shi ne mai sayen da yawa, shi ƙarin da zai biya a kan kowace oza ya taru ya zama kuɗi mai yawa.

Hajiya Rabi:
Akwai tarko ɗaya da ba a ambata ba, kuma masu sabon shiga ne suke faɗawa. Gidajen buga kuɗin nan suna fitar da iri biyu: na ajiya, wanda ake bugawa da yawa, da na ado mai sheƙi kamar madubi, wanda ake sa wa a akwati da takarda a ce adadinsa ƙayyadadde ne. Zinariyar ciki ɗaya ce, amma na biyun ana ɗora masa ƙari mai yawa saboda masu sha'awar tarawa, kuma ranar sayarwa dillalin zinariya ba lallai ya biya ka kuɗin akwati ba. Akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu da suke buga abu mai kama da sule, da hoton shugaba ko tuta, wanda babu gwamnatin da ta san da shi, wani ma ruwan zinariya kawai aka shafa masa. A Amurka gidan buga kuɗin gwamnati ba ya sayar da sulallan ajiya kai tsaye ga ɗaiɗaikun mutane, ta hannun manyan dillalan da ya amince da su suke fita, saboda haka tallar da ta ce maka daga gwamnati kai tsaye take a farashi mai rahusa abar tuhuma ce.

Malama Zainab:
Alhaji Bello, saura tambaya ɗaya. Idan sulen karat 24 ya sami tabo ko zane a hannuna, darajarsa ta ragu ke nan? Kuma ya halatta in goge shi?

Alhaji Bello:
Kada ki goge shi, Malama, ko da ƙyalle mai laushi ne, domin gugar tana barin ƙananan zane da ido ba ya gani sai an karkata shi a haske, kuma dillali zai karkata. Zinariya ba ta tsatsa, ba ta buƙatar wanki. Ki bar shi a cikin kwanson robar da ya zo da shi, idan kuma dole ki taɓa, ki riƙe shi ta gefe. Tabo ba ya rage zinariyar da ke ciki, saboda haka ba za a biya ki ƙasa da kuɗin narkawa ba, amma ɗan ɗorin da ake ba sule mai kyan gani shi ne zai tafi. Idan kin san za a riƙa fito da shi ana dubawa ana mayarwa, ki ɗauki mai karat 22.